Teetied a Gidan Taalke Siebels

Ranar da sabuwar likitar ƙauyen ta bugo waya tana tambayar lokacin da za ta zo, tsohuwa Taalke ce ta riga 'yarta Theda kai hannu. Kunnenta ya yi nauyi, don haka an ƙure wa wayar murya, duk wanda ke ɗakin yana jin abin da ake faɗa.

"Ki zo ranar Alhamis, Teetied," in ji tsohuwar.

Can ɓangaren likitar ta maimaita kalmar. "Teetied… ƙarfe nawa ke nan, Frau Siebels?"

Taalke ta cire wayar daga kunnenta, ta ƙura mata ido kamar ta zage ta. Sannan ta juyo.

"Theda, zo ki ji ikon Allah. Wai ƙarfe nawa ne Teetied. Wannan ce za ta zo ta duba ko da sauran hankali a kaina?"

Theda ta fizge wayar, ta ba da haƙuri, ta ce ƙarfe uku na rana. Dariya ta so kamata, amma gabanta na faɗuwa, don ta san abin da zai kawo likitar gidan.

Ba laifin baiwar Allahn ba ne. 'Yar kudu ce, ko shekara ba ta cika a Ostfriesland, nan arewacin Jamus, ba. Amma nan bayan ganuwar teku wa zai tsaya lissafa maka agogo in shayi yake nufi? Teetied ake cewa. Lokacin shayi ke nan, in ka fassara shi tsurarsa, kuma wanda ya tsaya a nan bai fahimci komai ba. In aka ce Teetied, mai gyaran rufi saukowa yake, mai tarakta ya kashe inji a tsakiyar gona, masu cacar baki su jingine ta sai an sha. Da shi ake auna yini: wance ta haihu gabanin Teetied, ruwa ya sauko bayan Teetied. In mutum ya ce maka ka leƙo Teetied, to ya ɗauke ka mutum. In kuwa kun shekara da shekaru kuna gaisawa ta kan shinge bai taɓa furtawa ba, ka san matsayinka, ka kama kanka.

Taalke Siebels kuwa, a harkar nan duk ƙauyen babu mai ja da ita. Ita ce ta koya wa rabin matan unguwar yadda ake yi: a fara sa Kluntje a gindin kofi, dunƙulen sukarin nan mai kama da ƙanƙara, a tsiyaya shayi a kansa har a ji ya yi ƙas-ƙas, sannan a kwantar da kirim ta gefen kofi a hankali, ya nutse ya taso kamar gajimare. Daga nan hannunka ya gama aiki. Ba a juyawa. Kurɓar farko laushin kirim, ta tsakiya ɗaci, ta ƙarshe zaƙi. Cokalin da ke gefe aikinsa ɗaya ne, in ka sha ukunka ka ƙoshi sai ka sa shi a kofi, uwargida ta daina zuba maka. Ranar da aka binne mijinta Harm, gida cike da masu ta'aziyya, idonta ya kumbura da kuka, sabon fasto ya ɗauki cokali zai juya. Taalke ta miƙa hannu ta tsallake mutum biyu ta zare shi daga yatsunsa, ta ce, "Herr Pastor, mijina ne ya mutu, ba kunyar gidan nan ba." Har yau ana ba da labarin.

To wannan matar ce ɗanta Okko yake so a kai gidan tsofaffi a Norden.

Okko shi ne babba. Yana Hamburg, yana aiki a tashar jiragen ruwa, ya zo wata ɗaya ya tsallake biyu. Theda kuwa tana ƙauyen gaba, tana sayar da tikitin jirgin da ke kai mutane tsibiri, kuma kullum sai ta leƙa uwarsu safe da yamma. Tun bazara suke faɗa a waya. Shi ya ce Mama ta fara ruɗewa, ta kira shi da sunan babansu, ta tambaye shi abu ɗaya sau uku. Ita ta ce mace mai shekara tamanin da bakwai in ba ta manta komai ba ai sai a ji tsoronta.

"Kai da kake ganinta a waya ne za ka gaya mini halin da take ciki? Ni da nake yanke mata farce?"

"Shi ya sa ba kya gani, Theda. Kin yi kusa da yawa."

"Sannu, mai hangen nesa. Daga Hamburg ai komai tar yake."

Da kaka ta shigo sai ya ce an sami ɗaki, za a riƙe masa zuwa ƙarshen mako. Aka yi baram-baram. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: sabuwar likita ta zo gida ta ga Mama da idonta. In ta ce za ta iya zama ita kaɗai, Okko ya saki ɗakin, ya kuma rufe bakinsa. In ta ce a'a, Theda ta haɗa akwati da hannunta.

Tsohuwar ta san da zancen sarai. Sau ɗaya ta taɓa zuwa gidan, gaida wata ƙawarta, ta dawo ranta a ɓace. Ba tsafta ta kushe ba, ba ma'aikata ba.

"Shayin jaka, Theda. A tsoma, a ɗaga, kamar ana wanke safa. A kofin da za ki iya jiƙa ƙafa a ciki. Ni daga gidan nan sai kusa da Harm, ki ji da kyau."

Abin da Okko bai sani ba, kuma Theda ta rantse a ranta ba zai sani ba, ya fi wanda ya sani yawa. Bai san buta biyu sun ƙone ƙurmus a kan murhu ba, ta uku ce yanzu a kicin, iri ɗaya sak, don ta bi shaguna har ta samo. Bai san maƙwabci ya tsinci Mama a kan ganuwar teku da silifas, cikin iska, tsakiyar tumaki, wai ta fito taryen Harm ba. Kuma bai san da ƙyallen tebur ba. Akwai ɗan kyandir da ake kunnawa a ƙarƙashin tukunyar shayi don kada ta huce. Wata yamma Theda ta turo ƙofa ta ji ƙauri, ta tarar kyandir ya faɗi, wuta ta ci ƙyallen ta fara lasar katakon, Mama kuwa tana lambu tana tsinkar ganye hankali kwance. Theda ta kashe da tawul. Ta goge baƙin wurin iya ƙarfinta, ta shimfiɗa sabon ƙyalle a kai. Ranar sai da ta tsaya a gefen hanya ta yi kuka kafin ta iya tuƙi zuwa gida.

Amma washegari da ta zo Teetied, ga Mama tsaf, gashi a gyare, Kluntje ya yi ƙararsa, gajimare ya taso a kofi yadda ya saba. Theda ta zauna ta sha, ta ce wa zuciyarta: ga ta nan, babu inda ta je. Mantuwar buta kowa na yi. Matar da hannunta ke zuba shayi haka, da wane ido za a dube ta a ce ba ta san kanta ba? Kullum da wannan take komawa gida, kullum kuma ya ishe ta zuwa gobe.

Ranar Alhamis gari ya tashi da yayyafi da iska. Theda ta ɗauki hutu ta zo tun da hantsi. Ta duba firji ta fitar da tabarau daga cikin man shanu, ta yanka burodi mai zabibi, ta jera kofunan nan sirara masu jan fure. Sannan ta durƙusa gaban uwarta tana ɗaura mata igiyar takalmi.

"Mama, don Allah abu ɗaya. Matar nan baƙuwa ce, ba ta san kan abubuwa ba. Duk abin da ta yi da kofinta, ki ƙyale ta."

"In ta juya fa?"

"Ko da yatsa ta juya, ki kau da kai. Kar ta je ta ce kin cika faɗa."

"Faɗa kuma ciwo ne yanzu? Da tun ina da shekara ashirin aka kulle ni."

Okko ya iso da laima da kwalin kek na birni. Ya sunkuya ya sumbaci uwar a kumatu, ita kuma ta ja kunnensa.

"Moin, Mama," ya gaishe ta irin gaisuwar yankin.

"Moin, ɗan kasuwa. Ka zo ganin kayan da za ka kai ajiya?"

"Haba, Mama."

"Ka yi ƙiba. Theda, dubi wuyansa. Kai wannan kek ɗin kicin, muna da burodi."

Okko ya yi murmushin yaƙe ya wuce. A kicin ya tsaya yana kallon butar, har Theda ta ji zufa ta karyo mata, amma sai ya ajiye kwalin ya juya. Su biyun ko gaisuwar kirki ba su yi ba.

Likitar ta zo a kan kari. Frau Doktor Brandl sunanta, matashiya ce mai fara'a, gashinta duk iska ta hargitsa. Ta shigo tana ba da haƙurin wayar rannan, ta ce yanzu ta koyo, ba za ta sake jin kunya ba. Taalke ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata kujerar da ke kallon taga, wadda ake ba baƙon da aka girmama.

Kai, ranar tsohuwa ta nuna ita ce! Ta kunna kyandir da ashana ɗaya. Ta ɗauki ɗan awartakin azurfa ta sa Kluntje a kofi huɗu, hannu ko rawa babu. Ta fara zuba wa kanta kaɗan ta duba kala, ta gyaɗa kai, sannan ta bi sauran. Ƙas, ƙas, ƙas. Ta kwantar da kirim. Likitar ta leƙa kofinta tana kallon farin yana tasowa, ta ce kai, wannan ai abin a ɗauki hoto ne. Daga faɗar haka ta ɗauki cokali ta dama shi tas, har da ƙwanƙwasa bakin kofi.

Theda ta ji an shure ta a ƙwauri ta ƙarƙashin tebur, har sai da ta cije leɓe. Ta ɗago. Fuskar Mama fes, murmushi har kunne, tana tura wa baƙuwa farantin burodi.

"Ci mana, Frau Doktor. Mutanen kudu ba a ba ku abinci ne?"

Okko ya tura hanci cikin kofi don kada dariya ta tona shi. Ya saci kallon Theda, ita ma ta kalle shi, karo na farko tun bazara da suka haɗa ido ba don faɗa ba.

Likitar ta iya aikinta, ba ta fito da takarda ta tsorata kowa ba. Cikin hira take jefa tambayoyinta. Yau wace rana ce? Alhamis mana, ranar da mai kifi ke zuwa, kuma ya ƙara kuɗi, ɓarawo. Wane wata muke ciki? Taalke ta nuna taga ta ce ki dubi bishiyar can ta gaya miki, Oktoba. Magunguna fa, wa ke ba ta? Ita ke sha da kanta, fari da safe, ja da yamma. Nan Theda ta sunkuyar da kai, don ita ke zuba su a ɗan akwati kowace Lahadi, kuma rabin lokaci sai ta tarar da su yadda ta bar su.

"In wuta ta kama a gidan nan fa, me za ki yi, Frau Siebels?"

"In fita waje in kira 'yan kwana-kwana. Ko kin zaci zan tsaya in ɗumama hannu?"

Aka yi dariya. Ta Theda ta fi ta kowa ƙarfi, tafin hannunta kuwa yana kan ƙyallen, daidai inda katako ya yi baƙi a ƙasa.

Aka zuba na biyu. Likitar ta tambayi ma'anar Teetied ɗin nan da kyau, ko shayin ne, ko lokacin. Taalke ta gyara zama. Nan ne gonarta.

"Shayi ai ko kare ka koya masa zai sha. Mukan sha da safe, mu sha kafin azahar, mu sha da dare. Amma in na ce miki Teetied ban ƙara komai ba, na bayan azahar nake nufi, wanda ake shimfiɗa ƙyalle a zauna. Lokacin yaƙi, da ganyen ya yi wuya, uwata ganyen lambu take dafawa, amma sai ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa babana kira, Teetied! Shi kuma ya ajiye shebur ya zo. Babu shayin, amma ba a fasa ba. Kin gane?"

"Na gane," in ji likitar, kuma da gaske ta ji daɗin maganar.

Theda ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta. An ci. Ta dubi Okko da gefen ido, ka ji ko, mutumin Hamburg? Shi kuwa yana ta murza gefen farantinsa, bai ɗago ba.

Taalke ta zuba na uku. Iska ta bugi taga, yayyafin ya koma ruwa sosai. Likitar ta juya tana tambayar Okko hanyar Hamburg, ko ana gyara har yanzu. Tsohuwar ta kwantar da kirim a kofin kowa, ta zo kan nata, gajimaren ya taso. Ta tsaya tana kallonsa. Ta daɗe tana kallonsa, kanta a ɗan karkace, kamar an ajiye mata wani abu da ba ta taɓa gani ba.

Sai ta ɗauki cokali ta sa a ciki, ta fara juyawa.

Ƙil, ƙil, ƙil. A hankali, ba gaggawa. Farin ya narke, shayin ya koma kalar ƙasa.

Theda ta kafe ta da ido. Zuciyarta ta yi maza ta kawo uzuri: kara ce take yi wa baƙuwa, don kada ta ji ita kaɗai ce. Ko tsokana ce, yanzu za ta ɗago ta kashe mini ido. Ta jira. Mama ba ta ɗago ba. Ta ciro cokalin ta lashe, ta ajiye a kan ƙyalle, ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Mama," Theda ta ce, muryarta can ƙasa. "Kin juya."

Taalke ta dube ta. Babu tsokana a idon, babu kunya, babu komai. Ido ne sarai kamar na yarinya.

"To me? Ba haka ake yi ba?"

"Ai haka ake yi mana," in ji likitar tana dariya, ta ɗaga nata kofin. "In ba a juya ba ina sukari zai ji?"

Okko ya bar maganar hanya a tsakiya. Ya ajiye kofinsa, ya ƙi zama daidai a kan faranti, sai da ya sa hannu biyu. Fuskarsa ta yi fari fat. Shi ma a teburin nan ya girma, shi ma ya sha dukan bayan hannu a kan cokali. Ya dubi Theda. Ta jira ya buɗe baki, ta san yanzu zai ce kin gani ko, yanzu zai zayyana wa likita komai. Amma ina. Sai kawai ya mai da idonsa kan taga.

Cikin ɗan lokaci tsohuwar ta dawo kamar ba a yi ba. Ta ga kofin likita babu kome, ta ɗaga tukunya za ta ƙara, Theda ta nuna wa baƙuwar ta sa cokali a ciki. Aka yi raha a kan haka. Likitar ta auna jini, ta saurari ƙirji, ta miƙe.

A zaure, tana sa rigar ruwa, ta yi ƙasa da murya ta ce da su biyun, "Gaskiya ban ga abin tashin hankali ba. Akwai 'yar mantuwa ta shekaru, wannan dole ne. Amma ta san rana, ta san kanta, ta karɓi baƙi fiye da yadda ni zan iya. In ana leƙa ta kullum, ban ga dalilin raba ta da gidanta ba."

Okko ya gyaɗa kai. "Na ji. Magana ɗaya muka yi." Ya juya ga ƙanwarsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kin ci, Theda. Gobe zan buga musu in saki ɗakin."

Ya buɗe ƙofar baya ya fita wajen rumfar itace, ko laima bai ɗauka ba.

Theda ta tsaya a zaure ita kaɗai. Wannan ce maganar da ta yi wata da watanni tana addu'ar ji, ga ta an faɗa, amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba. Tsoro ne ya cika ta, tsoro tsagwaronsa. Duk abin da ta ɓoye, ta ɓoye shi ne don ta yarda akwai wuri ɗaya da Mama ba ta taɓa ɓata ba, teburin nan. In can ma ta fara ɓata, to wace ce ke kunna kyandir kullum in Theda tana bayan gilashi tana sayar da tikiti? Ta leƙa falo. Tsohuwar tana tattara kofuna tana 'yar waƙarta, hannun rigarta na wucewa ta saman wutar, kaɗan ya rage.

Ta ji an rufe ƙofar mota a waje. Ba ta san sanda ta fita ba, da silifas, ruwa na dukanta. Ta ƙwanƙwasa gilashi. Likitar ta sauke, da mamaki a fuskarta.

"Na manta wani abu ne?"

"A'a. Ni ce… ni ce ban faɗa ba." Ta dafa ƙofar motar. "Frau Doktor, ta juya shayinta."

"Eh, na gani. Shi ne me?"

"Ba za ki gane ba. Ba a juyawa. Mu ba ma juyawa, ita kuwa… shekara sittin da wani abu, ko a ranar da aka binne babanmu…" Ta ga matar na kallonta da tausayi irin wanda ake yi wa wanda ya gaji. Ta share ruwa daga fuskarta. "Bar wannan. Buta biyu ta ƙona. An tsince ta a kan ganuwa tana neman mijinta, shi kuwa ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Maganin ba ta sha. In kika ɗaga ƙyallen da kika sha shayi a kai, tebur ɗin a ƙone yake. Ni na rufe."

Likitar ta kashe mota. Fara'ar ta bar fuskarta. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta ce Theda ta shigo daga ruwa, ta yi mata tambayoyi, gajeru, ɗaya bayan ɗaya, yaushe, sau nawa, tun yaushe. Theda ta amsa duka, ba ta rage komai ba. Kowace amsa ji take kamar tana cire bulo ɗaya daga gidan.

"Kin ɗauki kaya mai nauyi ke kaɗai," in ji likitar. "Zan turo ku asibiti a yi gwaji na sosai. Amma ba zan ɓoye miki ba, da abin da kika faɗa, bai kamata ta ƙara kwana ita kaɗai da wuta a gida ba. Ɗakin nan, ku riƙe shi."

Theda ta fito. Ta zagaya ta bayan gida. Okko yana tsaye a rumfar itace, ya ba ta baya, kafaɗunsa sun jiƙe.

"Kar ka saki ɗakin," ta ce.

Ya juyo. Ta zaci za ta ga nasara a fuskarsa, ta ma shirya zagin da za ta yi masa. Sai ta ga ƙaton mutum mai furfura yana goge hanci da bayan hannu.

"Na so a ce ke ce mai gaskiya," ya ce. "Allah ya sani, tun daga Hamburg nake roƙon in sha kaye."

"To me ya hana ka magana a ciki?"

"In ce me? In tona mata asiri a gaban baƙuwa, a teburinta?" Ya girgiza kai. "Wa zai gaya mata?"

"Ni."

"Theda, bari ni in…"

"Na ce ni. Kai in ka faɗa za ta ce ɗan kasuwa ne, ta ƙi yarda." Ta juya. "Amma ba yau ba. Yau a nan zan kwana."

Ta shiga ta ƙofar kicin. Ɗumi ya buge ta, da ƙamshin burodi. Mama na tsaye gaban wurin wanke-wanke, ta naɗe hannun riga, tana ɗauraye kofunan ɗaya-ɗaya tana kifewa a kan tawul. Ta waiwayo ta ga 'yarta sharkaf.

"Ke kuma fa? Teku kika faɗa? Da girmanki kina yawo cikin ruwa da silifas, sai ki kwanta ciwo ki bar ni da wa?"

"Raka ta na yi."

"Ta tafi?" Tsohuwar ta leƙa bayan Theda ta tabbatar Okko ba ya kusa, ta yi ƙasa da murya, idonta na ƙyalli. "Na ci, ko? Faɗa mini gaskiya. Na ji abin da ta ce a zaure, kunnen nawa bai mutu duka ba."

Theda ta sunkuyar da kai.

"Na sani," in ji Taalke. Ta ciro hannu daga ruwa, da kumfa da komai, ta dafa kumatun 'yarta, abin da rabon da ta yi tun Theda na makaranta. "Jiya ban runtsa ba, kin sani? Tsoro nake ji. Wani lokaci abubuwa sukan kuɓuce mini, ban gaya wa kowa ba. Amma sai na ce, Taalke, kwantar da hankalinki, Theda na nan. Okko ɗana ne, ina sonsa, amma shi kansa yake bi. Ke kuwa, muddin kina numfashi, babu mai fitar da ni daga gidan nan."

Ruwan hannun ya gangaro ta wuyan Theda, mai ɗumi. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta taɓa son uwarta kamar a wannan lokacin ba, ba ta kuma taɓa jin ta ci amanar wani haka ba.

"Kuka kike yi? Ji sakarya. An ci kuma sai kuka?"

"Ruwan sama ne, Mama."

Ta ɗauki tawul daga ƙugiya, ta matso kusa da ita.

"Miƙo in goge."